Ku Sauƙaƙa ma Malam

Sabon Birni,
6 ga Janairu.

Zuwa ga taubashina Hafizullahi, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar zumunta, ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Rukayya da ɗiyanku. Mu nan sai godiya. Inna Habi gwiwarta ta yi sauƙi, jiya da ƙafarta ta tafi gidan suna ba sanda. Matata Saude ta shiga wata na takwas, ba ta da aiki sai cin rake da yi mani faɗa. Albasar fadama ta yi kyau bana, ɗinki ma ba laifi, keken bai kwana banza ba tun kaka.

Ka san har yau sabis bai dawo garin nan ba. Sau biyu ina hawa tudun bayan tasha in kamo layin Nijar in kira ka, abin da nake ji kawai wata mata tana yi mani Faransanci. Shi ya sa na koma ga takarda, Maliki direba za shi kawo maka.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Zakarun Gulbi za su faɗi. Wasa takwas munka yi a gasar shiyya, maki biyar gare mu, mu ne ƙarshen teburi. Ka san ƙa'ida, wanda ya ƙare ƙarshe shi gangara rukuni na biyu. Shekara ashirin da biyu ƙungiyar nan ba ta taɓa gangarawa ba. In ta faɗi, yaranmu masu ƙafa duk ƙungiyar garin Isa za su koma, an riga an fara yi masu magana.

Kuma laifin na mutum ɗaya ne, ko ka so ko ka ƙi: Malam Badaru. Na san shi ya ɗauko ka daga ƙwallon tsumma ya mai da ka kyaftin, ni ma ba ƙinsa nake ba. Amma Malam ya gaji. Kowane wasa sai ya sa Ni'imatullahi a baya, mutumin da ya girme ni, wanda in ya juya sai ka ce motar Maliki na kwana. Ga Faruk, yaro mai gudu, yana zaune a benci yana kallon takalminsa. Wasan Gangara kuwa kunya munka sha. An ba ɗan tsakiyarmu jan kati, ya fita, ya zauna can gindin darbejiya. Bayan minti goma sai ga Malam tsaye yana ƙwala mashi kira, wai shi koma baya shi tare lamba tara! Fili duk ya ɗauki dariya, har 'yan Gangara na tafa mana.

Majalisar shago ta rabu biyu. Tsofaffi na cewa ba a canza koci ana tsakiyar gasa. Mu kuma muna cewa in ba a canza yanzu ba, babu abin da za a tarar a canza. Kwamiti za shi zauna ranar ashirin ga wata. Ni ne sakatare, kuma sun ce in nemo ra'ayinka, don har yau maganarka na da nauyi ga 'yan wasa. Kakanka da kakata wa da ƙanwa ne a Kurawa, saboda haka ba ka da hanyar kauce mani. Ka rubuto.

Naka,
Kalilu Tela.


Kano,
13 ga Janairu.

Zuwa ga Kalilu, sarkin surutun Gobir.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni ina dawowa daga ma'aikata, ban ko cire takalmi ba na karanta ta. Muna lafiya. Rukayya na gaida Saude, ta ce ta rage raken ta ƙara tafiya. A gaida Inna Habi, a ce mata na ji daɗin labarin gwiwa, amma kada ta mai da gidajen suna filin atisaye. Aikin wayar wuta na nan yadda ka sani, hannu baƙi, ciki ƙoshe.

Na yi dariyar motar Maliki, amma ba ka yi ma Ni'imatullahi adalci ba. Na buga shekara shida gefensa. Ba shi da gudu tun can, abin da yake da shi baki ne. Shi ke tsara 'yan baya, shi ke cewa a fito, a koma. Cire shi ka ga yadda gidan zai zama kasuwa. Faruk kuwa ban musa maka ba, na gan shi da Babbar Sallah, yaron iska ne. Sai dai yaro irinsa an fi cin moriyarsa in abokan gaba sun gaji.

Maki biyar a wasa takwas abin takaici ne, ban ce a'a ba. Amma ka tuna shekarar da gulbi ya cinye filinmu, Malam ya kwashe mu a ƙafa zuwa filin makaranta kullum, munka ƙare na uku. Mutum bai mance ƙwallo a rani ɗaya.

Akwai abin da na lura da shi lokacin da na je gaishe shi da Sallah. Ba zan rubuta ba, don ba sirrina ba ne, kuma ban tabbatar ba. Abin da nake so ka gaya ma kwamiti da sunana shi ne: ku sauƙaƙa ma Malam. Kada ku tsaya jiran sai ƙungiya ta faɗi. Ku samo wanda zai tsaya kusa da shi a bakin fili.

Maliki na jira ƙofar gida yana danna oda, ya ce yana da kayan manja da zai ɗauka a kasuwa. Sai na ji daga gare ka.

Taubashinka,
Hafizullahi.


Sabon Birni,
25 ga Janairu.

Hafizullahi,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Inna na amsawa, Saude ma. Kafin komi, na ga ka rubuta "ba zan rubuta ba". Shekara huɗu kacal a Kano har ka sayar da "za ni"? Allah shi kyauta.

Takardarka ta iso a wahalce. Jarkar manja ta fashe a motar Maliki, ta jiƙa rabin shafin ƙasa, sai da Saude ta shanya ta bisa danga. Sama ta karantu sarai, inda kake kare tsohon abokinka. Ƙasa kuwa sai da na ɗaga ta ga rana. Na ga "abin da nake so ka gaya ma kwamiti da sunana", na ga "ku sau", sai jan tabo, sai "Malam". Ƙasa da shi na ga "kada ku tsaya jiran sai ƙungiya ta faɗi", sannan "ku samo wanda", sauran ya tafi. Ban yi zaton za ka fito fili haka ba, amma na yaba maka. Ku sauke Malam, ku samo wani. Haka na karanta ma kwamiti.

Wallahi da na faɗi, ba wanda ya musa. Tsofaffin da sunka zo da shirin faɗa sai sunka sunkuyar da kai. Ɗaya yac ce, "In Hafizu ne ya faɗi haka, mu mi za mu ce?" Ba a ko jefa ƙuri'a ba.

Ba mu kai ga aika mashi ba, labari ya riga mu. Washegari da hantsi ina kan keke sai ga Malam ƙofar shago, da farar rigarsa ta Juma'a. Ya yi sallama, na tashi na ba shi kujera, ya ƙi zama. Yac ce, "Kalilu, an ce yarona ya rubuto."

Nic ce, "Ya rubuto, Malam."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Sai ya sa hannu aljihu ya fiddo usur ɗin nan na ƙarfe da ka sani, da littafin sunayen 'yan wasa, ya aza bisa teburin yanka. Yac ce, "To, madalla. Ka ce mashi na gode, ya fi ku duka sanin ƙwallo." Da za shi fita ya yi karo da bencin ƙofa, na zabura in riƙe shi, ya ɗaga mani hannu. Ba za ni ɓoye maka ba, ranar ban ƙara ɗinka ko maɓalli ba.

Sai dai aiki ya riga ya wuce. Da anka rasa wanda za shi karɓa, kwamiti ya ce tunda ni na fi kowa baki, in riƙe ƙungiya kafin a samu koci. Shekaranjiya munka je Kurawa. Na ajiye Ni'imatullahi, na sa Faruk tun farko. Huɗu da nema sunka yi mana, a garin kakanninmu, gaban dangi. Faruk ya yi gudu minti talatin ya ƙare. 'Yan baya kuwa kowa na kallon kowa. Amma wasan farko ne, za a gyara.

Ka rubuto mani yadda kuke tsara atisayen safe a zamaninku.

Naka,
Kalilu, koci na riƙon ƙwarya.


Sabon Birni,
12 ga Fabrairu.

Taubashi,

Gaisuwa da fatan lafiya. Albishirinka: Saude ta sauka ranar Talata, mace, uwa da ɗiya lafiya lau. Lubna za a sa mata. Inna Habi ta hana kowa ɗaukarta.

Yau kwana goma sha takwas da na aiko maka takarda, ban ji daga gare ka ba. An ce motar Maliki ta lalace a hanya, an ce kuma ya tafi Legas da albasa, ban san wacce ce gaskiya ba. Ko kuwa fushi kake? In don maganar "zan" ce, na janye.

An ƙara cin mu sau biyu. Saura wasa uku, muna nan da makinmu biyar, Gangara da ke samanmu na da tara. Majalisar shago yanzu ta haɗe wuri ɗaya, duk ni suke zagi. Ni'imatullahi ya daina zuwa atisaye. Na je gidansa, yac ce mani, "Ku da kuke da idanu, ku buga." Ban gane nufinsa ba, ya kuma ƙi ƙarawa.

Malam bai fitowa sai masallaci. Jiya na gaishe shi a hanya, ya amsa da fara'a, har ya yi mani barka. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Wagga takarda wani mai kai shanu za shi bar maka ita a tasha.

Kalilu.


Kano,
18 ga Fabrairu.

Kalilu,

Salamu alaikum. Barka da arziki, Allah shi raya Lubna, shi ba Saude lafiyar shayarwa. Rukayya ta ɗaura 'yan kaya, suna cikin jakar da ke tare da wannan. Mu lafiya muke.

Takardunka biyu rana ɗaya sunka iso. Ta farkon ta yi sati uku cikin aljihun motar Maliki a garejin Gusau. Na karanta ta tsaye, sai da na nemi wuri na zauna.

Kalilu, ban ce ku sauke Malam ba. Cewa na yi KU SAUƘAƘA MA MALAM. Na ce ku samo wanda za shi tsaya kusa da shi a bakin fili. Ka ga na rubuta da manyan baƙaƙe, na kuma naɗe takardar cikin leda biyu. Yaya za a yi in kare mutum a saman shafi in yanka shi a ƙasa? Ba ka tsaya ka tambayi kanka ba?

Amma ni ma da laifina. Na yi ta kewaye-kewaye don kada in tona abin da ba nawa ba, ga inda kewayen ya kai mu. Yanzu za ni faɗi. Malam ba ya gani sosai. Da Sallah na shiga zaurensa da rana tsaka, na tsaya gabansa, ya dube ni kamar baƙo. Sai da na yi magana yac ce, "A'a, Hafizu!" Na lura da wani fari-fari cikin idanunsa duka biyu. Da na miƙa mashi goro, gefen hannuna ya kama. Ina zaton yanar ido ce. In haka ne, daga tsakiyar fili zuwa can ba ya ganin komi sai inuwa. Shi ya sa bai ga jan katin ba. Shi ya sa ba ya rabuwa da Ni'imatullahi, don muryarsa yake bi ya san inda wasa yake. Kai ma ka ce ya yi karo da benci a shagonka.

Mutumin nan ya saya mani takalmin ƙwallo na farko. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya bayana har anka gama rufewa. Yau wata guda yana zaune yana zaton ni na kore shi.

Ga wata takarda a ciki, tasa ce. Ba ya iya karantawa, saboda haka kai za ka karanta mashi, da bakinka, ba aike ba. Kada ka ƙara, kada ka rage. In manja ya sake zuba, ka dawo mani da ita.

Ban yi fushi da kai ba. To, na yi, amma ya fara sauka. Ka sumbaci Lubna.

Hafizullahi.


Sabon Birni,
14 ga Maris.

Zuwa ga taubashina,

Assalamu alaikum. Gida lafiya. Kayan Lubna sun iso, hular ta yi mata yawa amma Inna ta ce za ta cika ta. Saude na godiya ga Rukayya. Muryata ce kawai ba ta dawo ba, za ka ji dalili. Ka zauna, takardar da tsawo.

Da na karanta taka, na ɗauko tsohuwar mai manja na sake ɗaga ta ga rana. Hafizu, wurin da tabon ya rufe ya fi ƙarfin "sauke", kowa ya duba za shi ga kalmar doguwa ce. Manja ya ci rabinta, sauran ni na cika da abin da nake son ji. Ban da abin cewa.

Na iske Malam bayan la'asar a ƙofar gida yana ba tumaki harawa. Na durƙusa na faɗi abin da na yi tun daga farko, sannan na karanta mashi takardarka, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na kai inda kake cewa ko a rukuni na goma ƙungiyar take shi ne kocinka, sai ya juya mani baya, ya daɗe yana gyara igiyar tunkiyar da ba abin da ya same ta.

Da ya juyo yac ce, "Ashe yaron ya gane tun da Sallah."

Nic ce, "Malam, mi ya hana ka faɗi?"

Yac ce, "Yayana irin wannan ta same shi. Wani mai magani ya zo ya taɓa idon da tsinke, daga ranar bai ƙara ganin ko hasken fitila ba. Ni ina ganin inuwa. Na ce gara inuwar." Ya yi 'yar dariya. "Kuma Kalilu, ko da Hafizu ya ce a sauke ni, ai da gaskiyarsa. Kocin da ba ya ganin raga?"

Nic ce, "Ni ina ganin raga, an ci ni tara a wasa uku. Ka dawo, Malam. Ni za ni zauna gefenka in riƙa gaya maka abin da ke faruwa."

Yac ce, "Kai? Da wanga baki naka?"

Nic ce, "Shi kaɗai gare ni."

Na gaya ma kwamiti kuskurena, sunka amince shi dawo. Washegari ya zo atisaye. Shi da kansa ya tara yara ya gaya masu halin idonsa. Ni'imatullahi ya dawo, ashe shi kaɗai ya sani tun bara, Malam ya rantsar da shi.

Aikin ba sauƙi. Wasan Alkalawa, da sunka kawo hari sai na miƙe ina ihu, "Wayyo! Wayyo!" Malam ya jawo rigata yac ce, "Kalilu, wayyo ba labari ba ne. Wa ke da ƙwallo, ina yake, su nawa ke gabansa?" Daga nan na koyi magana gajera. Mun ci su ɗaya da nema. Gangara sunka sha kashi a nasu wasan. Sati na gaba munka yi canjaras da Gangara a gida. Ya zama muna da tara, suna da goma, saura wasa ɗaya: mu a Isa, su a Kurawa, rana ɗaya, lokaci ɗaya.

Mota uku munka cika zuwa Isa. Filinsu ya cika har bisa katangar makaranta, sun zo da kalangu, wai za su raka mu rukuni na biyu. Minti ashirin, abokinka Ni'imatullahi ya makara, ya kwashe ƙafar lamba tara cikin da'ira. Fenareti, sunka ci. Ban ce komi ba, amma Malam yac ce, "Na ji abin da ba ka faɗi ba."

Bayan hutun rabin lokaci ya fara yi mani wata tambaya. "Lamba uku nasu, in ƙwallo ta fita, mi yake yi?" Nic ce yana tsaye. Can ya sake tambaya, nic ce ya riƙe ƙugu. Karo na uku nic ce ya dafa gwiwa. Yac ce, "To, kira Faruk." Ya kama kan yaron da hannu biyu yac ce, "Ka ga mai dafa gwiwa? Kada ka yanke shi, kada ka yi ado. Tura ƙwallo gaba ka bi ta." Taɓawa ta biyu Faruk ya wuce shi kamar an kafa turke, ya zuba ta raga. Ɗaya da ɗaya.

Canjaras bai isar mu. Saura minti huɗu munka samu bugun kwana. Ina so in ce maka wani gwani ya tashi ya sa kai, amma Allah na gani. Ƙwallon ta bugi gwiwar wani, ta bugi ƙarfen raga, ta dawo ta bugi mazaunan golansu, ta gangara ciki a hankali kamar mai jin kunya. Malam na ta girgiza ni, "Mi ya faru? Wa ya ci?" Nic ce, "Malam, ɗuwawun golansu!" Yac ce, "Allah shi yi mashi albarka."

An tashi biyu da ɗaya, amma ba wanda ya yi murna, don in Gangara sun ci a Kurawa aikin banza munka yi. Ba waya. Tun safe mun roƙi Maliki shi tsaya can shi kawo labari. Munka zauna tsakiyar fili, mu da 'yan wasa. 'Yan Isa ma da yawa sun ƙi tafiya, har wani ya kawo mana ruwa da ƙuli-ƙuli. Rana ta yi ƙasa. Malam ne ya fara ɗaga kai yac ce, "Ga Maliki can." Mu ba mu ga komi ba. Sai can munka ji odar, yana danna ta ba tsayawa. Ya shigo fili da motar, ya leƙo ta taga yana ihu, "Canjaras! Babu ci!"

Goma sha biyu gare mu, Gangara sha ɗaya. Nan muryata ta tafi. Masu kalangun Isa sunka juya kiɗan ya koma namu, da shi anka raka mu tasha.

Kada ka ɗauka gardama ta ƙare. Har yau ina cewa Ni'imatullahi shi rataye takalmi, majalisa ta sake rabuwa biyu, har an fara jifa da ɓawon gyaɗa.

Magana ta ƙarshe. Na gaya ma Malam cewa a asibitin ido na Kano ba tsinke ake sawa ba, kuma ka taɓa ba ni labarin maƙwabcinka da anka yi ma aiki ya warke. Ya yi kwana uku bai amsa ba. Jiya ya aiko ɗiyarsa Nusaiba ta ce a tambaye ka ko ɗakin baƙinka na nan. Za su taho tare da Maliki ranar Lahadi.

Naka har kullum,
Kalilu.


Kano,
29 ga Maris.

Kalilu,

Amincin Allah shi tabbata gare ku. Muna lafiya, baƙinmu ma lafiya. A gaida Inna, da Saude, da Lubna mai babbar hula. Takardarka na karanta ta sau uku, na karanta ma abokan aiki wurin golan Isa, har mai gadi sai da ya zauna don dariya.

Yanar ido ce, kamar yadda na zata. Likita ta ce ta nuna sosai amma idon da ransa. An yi na dama ranar Laraba, na hagu sai bayan wata biyu. Da za a shiga da shi ya riƙe hannuna da ƙarfi har yatsuna sunka yi tsami. Aikin bai kai tsawon rabin wasa ba.

Washegari anka cire bandeji. Nusaiba na tsaye gefe tana ta addu'a. Ya buɗe idon a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya dubi ɗiyarsa ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni, ya dube ni daga sama har ƙasa. Ina jiran in ji wata babbar magana. Sai yac ce, "Hafizu, wanga tumbi na wane ne?" Yanzu haka kullum bayan asuba sai na zagaya unguwa sau uku, yana zaune ƙofar gida da baƙin tabarau yana ƙirgawa. Rukayya ta goyi bayansa.

Jiya da yamma ya ce in kai shi inda ake ƙwallo, ko wace iri ce. Na kai shi filin bayan ma'aikata inda leburori ke bugawa in an tashi aiki, raga ma duwatsu ne. Ya tsaya bakin fili, hannu a baya. Ya fi minti ashirin kansa na bin ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan. Can sai ya nuna da yatsa, ƙarshen fili, nesa ƙwarai, yac ce, "Mai jar rigar can ya yi satar gida." Na duba, haka ne kuwa. Sai na ga yana goge ƙarƙashin tabarau da hannun riga. Nic ce likita ta hana taɓa idon. Yac ce, "Na hagu ne, shi ba a hana shi ba."

Za su taso ranar Asabar. Ya ce in gaya maka atisaye ranar Litinin da safe, Faruk shi zo da wuri, akwai abin da yake so shi gani da idonsa. Na tambaye shi ko yanzu ka huta ke nan, tunda ya samu nasa idon. Yac ce, "A'a. Ka ce ma Kalilu wurinsa na nan gefena. Ido ɗaya gare ni, kuma na saba da surutun."

Taubashinka,
Hafizullahi.